Gwaggo Dije da Takardun Turancina

Duk wanda ya taɓa zama a kan tabarmar Gwaggo Dije a unguwar Karantina ta Jidda ya san tambayarta. Kafin ka gama gaisuwa, kafin a zuba maka shayi, za ta karkata kai ta ƙanƙance ido ta ce, "To, wa ya haife ka?" Aikinka bai dame ta ba, kafilinka, wato ubangidan da ya tsaya maka, bai dame ta ba, iƙamarka ta izinin zama ko ta mutu ko tana da rai ba ruwanta. Uwarka take son ji: sunanta, garinsu, kuma tana raye ko ta riga mu gidan gaskiya. Akwai wani ɗan Bangaladash da ya zo gyara mana na'urar sanyaya ɗaki, wallahi sai da ya sauko daga kan tsani ya faɗa mata sunan mahaifiyarsa da 'yan yatsu da guntun Larabci, sannan ta bar shi ya taɓa na'urar. Daga ranar duk zuwan da zai yi sai ta tambaye shi lafiyar tsohuwar, da sunanta, ba ta taɓa mantawa ba.

Ga waɗanda ba su san yadda muke da ita ba, yayar kakana ce, gwaggon Baba. Amma kowa Gwaggo yake ce mata, har limamin unguwa. Daga Sudan aka kawo ta Jidda tana amarya, mijin ya rasu tun ba a haife ni ba, Allah kuma bai ba ta haihuwa ba, sai ta zauna a gidanmu tana suyar waina da ƙosai a ƙofar gida kullum da safe. Ba ta taɓa shiga aji ba. Larabcinta na kasuwa ne, Turanci kuwa ko gaisuwa ba ta iya ba. Amma in kun ji ana cewa Rabi ta gama sakandare, to ku sani wannan tsohuwar ce ta fitar da ni a darasin Turanci, kuma sai da ta kusa kashe ni da kunya kafin ta fitar da ni.

A lokacin ina ajin ƙarshe a wata makarantar 'ya'yan baƙi da ake koyarwa da Turanci. Lissafi ba ya ba ni tsoro, kimiyya ma haka, burina in karanci aikin jinya. Darasin karanta littafi da rubuta ra'ayi shi ne ya zame mini ƙarfen ƙafa. Na riga na faɗi sau ɗaya na maimaita aji. Baba, da ke yini a tsaye a kantin yadi a Bab Makka, ya zaunar da ni ya ce wannan shekarar ce ta ƙarshe. In na sake faɗuwa, halas, shi ke nan, in tafi shagon ɗinkin Anti Maryam in koyi yankan abaya, maganar jinya ta ƙare. Bai ɗaga murya ba, shi ya sa ma abin ya fi tsorata ni.

Malamarmu, Abla Nasrin, 'yar Pakistan ce, doguwa, ba ta rabuwa da jan biro. Tsarinta shi ne kowane mako mu karanta babi guda mu rubuto abin da muka gani a ciki, kuma da hannu, don ta ce ta gaji da karanta aikin da waya ta yi wa ɗalibai. Ni kuwa in aka ce in rubuta, sai in sake ba ta labarin daga farko har ƙarshe, tsaf, ban rage komai ba. Ita kuma sai ta rubuta mini a ƙasa cewa ai ita ma ta karanta littafin, abin da ni na gani take nema. To ni me na gani? Baƙaƙe na gani a kan farar takarda.

Wata rana bayan la'asar Gwaggo ta same ni na kifa kai a kan littafin ina kuka. Ta karɓe shi, ta auna nauyinsa a tafin hannunta kamar mai sayen kifi, ta shinshina shi, ta ce wanda ya rubuta wannan surutu ya yi masa yawa. Sannan ta miƙo mini ta ce in karanta ina juya mata da Hausa. Ku da kuka san ni a lokacin kun san Hausata: ina ji sarai, amma in na buɗe baki rabin maganar Larabci ce. Gwaggo ta ɗauko cokalin juya waina ta ajiye a cinyarta. Duk lokacin da Larabci ya suɓuce mini sai in ji ƙwal a gwiwa.

Labarin wani tsoho ne da ke zaune shi kaɗai a kan dutse a tsakiyar teku, yana kula da wata babbar fitila mai nuna wa jiragen ruwa hanya. Sunansa ya gagari bakin Gwaggo, sai ta raɗa masa Maifitila. Ban gama shafin farko ba ta ɗaga hannu.

"Wa ya haife shi?"

Na ce littafin bai faɗa ba. Ta tambaya to duk wannan tulin takardu me mutumin yake faɗa a ciki. Na ce yana siffanta teku da iska da kukan tsuntsaye. Ta ja tsaki ta ce teku ai muna da shi a bayan gida, wa ya aike shi. Ta juya carbi, can ta yanke hukunci: mutum mai lafiya ba ya tattara kayansa ya koma kan dutse a tsakiyar ruwa haka kawai, wannan uwarsa ya ɓata wa rai, kunya ta hana shi komawa gida. Ta ce in rubuta haka.

Da yake ba ni da abin da ya fi wannan, na rubuta. Takardar ta dawo ja-wur, da tambaya guda a ƙasa: a wane shafi na ga uwar?

Da na fassara wa Gwaggo sai ta miƙe. Washegari ko suya ba ta yi ta sayarwa ba. Ta soya waina ta cika kwano, ta ɗaura tob ɗinta, lafayar Sudan, mai ruwan zuma wanda sai biki take fito da shi, ta yafa abaya a kai, ta ce mu tafi makaranta. Na roƙe ta. Mama ta roƙe ta. Ta ce malamar da take koya wa 'ya'yan mutane labarin mutumin da ba ta san uwarsa ba tana bukatar taimako, kuma taimakon Musulmi lada ne. Duk hanya ina addu'a Allah ya sa a ce malamar ba ta zo ba, amma ina, ita muka fara gani.

A ɗakin malamai aka zauna. Larabcin Gwaggo na kasuwar Bab Makka, na Abla Nasrin na asibiti da tasi, ni a tsakiya ina haɗa su ina son ƙasa ta tsage in shige. Kun san da me ta fara. Malamar ta ɗan yi turus, ta dube ni, na sunkuyar da kai, sai ta faɗi sunan mahaifiyarta, ta ce tana can Lahore tana fama da ciwon gwiwa. Nan take Gwaggo ta manta da abin da ya kawo mu, ta shiga bayanin man habbatus sauda da yadda ake ɗumama shi a shafa. Sai da aka cinye rabin wainar sannan aka zo kan Maifitila. Abla Nasrin ta saurari hukuncin har ƙarshe, tana danne dariya, ta ce mai yiwuwa Hajiya tana da gaskiya. Amma a ajinta duk wanda ya tuhumi mutum sai ya kawo shaida daga cikin littafin, ba daga ransa ba.

Na ɗauka nan za a yi ta. Sai na ga fuskar Gwaggo ta washe. Da muka fito ta ce, "Ashe alƙaliya ce. Uwarta ta yi tarbiyya. Yalla, mu je mu nemo mata shaida."

Ranar na shiga uku. Babin da a da nake karantawa sau ɗaya in rufe, yanzu sai mu maimaita shi har in haddace. Me ya ci? Wa ya ɗinka masa rigar? Da ya kalli teku, ɓangaren gari ya kalla ko ɗaya ɓangaren? In na ce mu leƙa ƙarshen littafin mu huta, sai ta ce wannan rashin kunya ne, kamar baƙon da aka sauke a zaure ya zarce uwar ɗaka. Kuma kada ku ɗauka kullum tana cin nasara. Akwai wani mai kwale-kwale da ke kai wa Maifitila abinci, tun fitowarsa Gwaggo ta ce ɓarawo ne, ta ji a muryarsa, muryar da ni ce nake yi. Ta sa na bi shi babi bayan babi muna jiran ranar da zai saci man fitila. Mutumin nan ya zamo shi ne mafi kirki a littafin kaf. Gwaggo ta ce ai tuba ya yi, ya ji ana sa masa ido.

Ana nan, wata la'asar ina karanta wani wuri da na wuce ya fi a ƙirga, inda tsohon yake haɗa shayin safe. Ya ɗauko kofi biyu ya ajiye a tebur, ya zuba a ɗaya, ya sha, sannan ya goge ɗayan da bai taɓa ba ya mayar. Gwaggo ta ce in sake. Na sake. Ta ajiye cokalin a hankali, ta ce, "Mutum ɗaya, kofi biyu. Ga ta nan." Sai ta rangaɗa guɗa. Maƙwabta suka shigo da gudu, a zatonsu matar yayana ce ta haihu.

A wannan karon na ɗan yi mata gardama. Na ce kofin ya nuna yana kewar wani, amma bai nuna uwa ba, kuma alƙaliya shaida ta ce. Ta kira ni matsoraciya, ta ce 'ya'yan Jidda ba su da zuciya. Na rubuta yadda na gani, na kawo shafin, na kawo kalmomin. Wannan ce takardata ta farko da ta dawo da maki mai kyau, har Abla Nasrin ta karanta wa aji. Da muka yi nisa littafin ya bayyana mai kofin, ashe ƙanensa ne da ruwa ya ci tun suna samari. Na juyo ina murmushi don in ga yadda Gwaggo za ta yi. Ko gezau. Ta ce, "Shi da ƙanen ba uwarsu ɗaya ba? To magana ta dawo inda na ce."

Sai kuma maganar takardu, wadda na san yawancinku da ita kuka fi tuna ta, don kusan kowa a nan ya ci waina a cikin aikin gidana. Gwaggo ba ta sayen takardar naɗi, ta ce almubazzaranci ne. Jaridar Larabci kuwa ko kyauta ba ta karɓa, don ta ce ba a raba rubutun Larabci da sunan Allah, ba za ta zuba yaji a kansa a ci a jefar a kwata ba. Amma takardar Turanci, a wurinta, wannan halal ce, babu komai a ciki sai surutun Nasara. Saboda haka duk takardar da na gama da ita, duk wadda ta dawo da jan biro, tana ƙarƙashin katifar Gwaggo tana jiran safiya. Unguwa kaf ta san makina. Wani ɗan Najeriya mai gyaran waya yakan tsaya ya karanta kafin ya ci, ya ce a gaya wa Rabi wannan makon an samu ci gaba. Na yi kuka, na yi fushi, ta ce in ba na son a ga ja in daina kawo ja.

Ranar da abin ya kai maƙura, ranar Juma'a ce. Na yini Alhamis ina rubuta wani dogon aiki da za a karɓa ranar Lahadi, na sake kwafe shi da kyakkyawan rubutu, na ajiye a kan firji don kada yara su taɓa. Bayan an sauko daga masallaci na duba, babu. Na tambayi Gwaggo. Ta ce waɗanne, masu tsabtar nan? Ai ta ji daɗinsu, ba ja ko ɗigo, ta ce waɗannan sai babban ciniki. Malam Idi, wani mutumin Nijar da ke aiki a rumbunan ajiya na Khumra, shi ya zo ya sayi wainar abokan aikinsa gaba ɗaya, ta naɗe masa a ciki.

Baba ya miƙe. Ya ɗauki makullin mota, ranar hutunsa guda, muka kama hanyar Khumra cikin zafin nan, Gwaggo a kujerar baya, don ta ce ita ta san fuskar takardun. Muka yi ta zagaya rumbuna muna tambaya har muka samu ɗakinsu. Malam Idi ya fito yana ta ba da haƙuri kamar shi ya yi laifin. Ya ce ya so ya karanta ma, amma shi Faransanci ya yi. Aka zazzage kwandon shara aka tsinto su ɗaya bayan ɗaya, mai ya ratsa su har ana hango hannu ta baya, yaji ya manne a kan sakin layi na biyu. Shafin ƙarshe wani ɗan Chadi ya riga ya goge hannu da shi. Gwaggo ta karɓa ta miƙar da shi a gwiwarta ta ce ai rubutun yana nan, mai ba ya cin tawada. Kafin mu tafi sai da ta ji sunan uwar ɗan Chadin.

Na so in sake kwafewa, amma ranar Asabar ta tafi wajen shanya su, na kwafe abin da na iya na haɗa da sauran haka nan. Abla Nasrin ta ɗaga takardun da yatsa biyu ta shinshina. Ta ce tunda take koyarwa ba a taɓa kawo mata aikin da ya sa ta jin yunwa ba sai yau. Da na gaya wa Gwaggo sai ta ce to ga shi, har talla ta samu.

Da muka kai ƙarshen littafin, Maifitila ya mutu shi kaɗai, mai kwale-kwalen ne ya zo ya tarar da shi. Gwaggo ta tambaya wa ya yi masa wanka, wa ya bi shi. Na ce ba a faɗa ba. Ranar ba ta ci abincin kirki ba. Da safe ta soya waina ta rabar kyauta, duk wanda ya tambaya sai ta ce sadaka ce, wani bawan Allah ne ya rasu a teku ba shi da kowa. Kafin azahar magana ta zagaya. Baba ya dawo daga masallaci a ruɗe, ya ce mutane sai yi masa ta'aziyya suke yi, wa ya rasu a danginmu ba a gaya masa ba? Na ce Gwaggo, mutumin nan fa babu shi, ƙirƙiro shi aka yi. Ta dube ni kamar ni ce ban da hankali. Ta ce wanda ya ƙirƙiro shi ai wani ya gani, ladan ya je can.

Wannan shekarar ce aka shafa wa gidajen Karantina jan fenti, alamar za a rushe. Kun san yadda muka yi, kowa yana ɗaure kaya yana neman inda zai sa kansa. Mu Khumra muka samu. A cikin wannan hargitsin Abla Nasrin ta ba da aikin ƙarshe, wanda ya fi kowanne nauyi a sakamako. Ta ce wannan karon babu littafi, kowa ya rubuto labarin wani mutum na gaske da ya sani. Makina na farkon shekara sun ja ni ƙasa sosai, don haka lissafin a fili yake: in wannan ya yi kyau na wuce, in bai yi ba sai shagon Anti Maryam.

Ban yi dogon tunani ba, Gwaggo na rubuta. Na sa zuwanta makaranta, na sa tafiyar Khumra, na sa sadakar Maifitila. Ni kaina ina rubutawa ina dariya. Wata safiya bayan ta gama suya, muna zaune a tsakiyar kwalaye, ɗakin duk an kwashe labule, na karanta mata ina juyawa da Hausa. A lokacin cokalin ya daina aiki, bakina ya saba. Ta saurara har ƙarshe, ta yi dariya a inda ya kamata, ta gyara mini wuri guda, ta ce tob ɗin ruwan zuma ne, ba rawaya ba. Sannan ta karkata kai ta ƙanƙance ido.

"Labarin ya yi daɗi. Amma wannan tsohuwar taki, wa ya haife ta?"

Na yi dariya na ce Kaka Ladi mana, mahaifiyar kakana, wadda hotonta ke ɗakin Baba. Ta girgiza kai. Ta ce Ladi ta raine ta, Allah ya saka mata, amma ba ita ta haife ta ba.

A nan ta ba ni labarin da ko Baba bai sani ba. Iyayenta daga ƙasar Hausa suka taso a ƙafa cikin ayarin masu niyyar hajji. A hanya aka haife ta. Ba ta isa yaye ba uwar ta kwanta ciwo a wani ƙauye kafin su shiga Sudan sosai, a nan ta rasu, a nan aka binne ta, ayari ya ci gaba. Uban ya zauna a Sudan ya auri Ladi, aka haifi kakana da sauransu. Bai taɓa ɗaga maganar ba har ya mutu, ita kuma ta taso tana ce wa Ladi Inna. Sai ranar da za a kai ta ɗakin miji wata tsohuwa da aka yi tafiyar da ita ta ja ta gefe ta raɗa mata sunan. Ba ta san garinsu ba, ba ta san danginta ba, ba ta san sunan ƙauyen da kabarin yake ba.

"Hansatu," in ji ta. "Iyakar gadona ke nan. Shekara da shekaru ina tambayar mutane wa ya haife su, kowa ya faɗa ya tashi. Ba wanda ya taɓa cewa, ke fa, Gwaggo?"

Ni da na zauna a gabanta shekara guda ina neman uwar mutumin da babu shi, ban taɓa tambayar tata ba. Na fashe da kuka, ta ƙwala mini cokali a gwiwa, ta ce kuka ba ya cika shafi, in tashi in gyara. In alƙaliya ta nemi shaida, a ce mata shaidar tana nan da ranta a kan tabarma.

Na yaga na farkon na sake sabo. Ban cire abin dariyar ba, amma wannan karon na san abin da na gani. Na fara da tambayarta, na ƙare da sunan. Da takardar ta dawo na juya ta gaba da baya ina neman ja, sai layi ɗaya na samu a ƙasa, na gaisuwa ga Hajiya. Na wuce. Baba ya karanta sakamakon a tsaye a ƙofar sabon gidanmu na Khumra, ya ninke, ya ce Anti Maryam ta yi asarar mai yanka.

Gwaggo ba ta tambayi maki ba. Ta ce in nuna mata inda sunan yake. Na ɗora yatsanta a kan kalmar. Ta daɗe tana shafawa, ta ce ashe haka take, 'yar gajeruwa. Sannan ta ninke takardar ta sa a cikin gwangwanin da take ajiye iƙamarta. Ita kaɗai ce takardar Turancin da ta shiga hannun Gwaggo ba ta fita da mai ba. Kuma daga ranar ta ɗora mini sabon aiki: kafin ta naɗe waina a kowace takarda sai na duba mata, ko akwai sunan uwar wani a ciki. Har na fara karatun jinya, in na dawo gida a gajiye, tulin takardu na nan yana jirana a bakin ƙofa.

Ta ce ba za ta taɓa sabawa da Khumra ba, unguwar da ba ka san uwar kowa ba. Kafin Allah ya karɓi abarsa ta san ta kowa a layinmu, har ta mai gadin rumbun da ke kallonmu. Ranar ta'aziyya kun gani da idonku: Malam Idi da ɗan Chadi, ɗan Bangaladash mai na'urar sanyi, Abla Nasrin a cikin mata tana share hawaye da gefen gyale. Kowannensu Gwaggo ta san sunan mahaifiyarsa.

To yau ga amsar tata, ku riƙe mana ita. Allah ya jiƙan Dije 'yar Hansatu. Allah ya yafe mata, ya haskaka kabarinta, ya jiƙan wadda aka bari a bakin hanya. Allah ya haɗa su a inda ba sai ta tambayi kowa ba. Amin.